Kwalaben Bikin Araceli

Sufeto Olguín bai gama zuba ruwan zafi a ƙoƙon shayinsa na mate ba wayar caji ofis ta fara ƙara. Ya harare ta kamar yadda ake hararar maƙwabcin da ya zo aron kaya da sassafe. Saje Gatica ce ta ɗauka, ta saurara, sannan ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Yallaɓai, daga gidan Don Cayetano Ferrarese ne. An fasa ɗakin ƙasa, an kwashe giya dozin guda. Wai ta bikin jikarsa ce, kuma Asabar ɗin nan za a yi bikin. Sun ce ma sun kama ɓarawon."

"To ni me zan je yi?"

"Angon ne, yallaɓai."

Sufeto ya ajiye butar, ya lalubi hularsa. 'Yan watanni suka rage masa ya yi ritaya, ga ciwon baya, ga likita ya hana shi giya, wanda a nan San Rafael kusan daidai yake da a hana mutum gaisawa da jama'a. Ya gaji da aikin, ya gaji da mutane, ya fi gajiya da rigimar dangi.

Amma wannan ba satar kaji ba ce. A wajenmu in aka yi haihuwa, kaka yakan zaɓi kwalabe daga giyar shekarar, ya rufe bakinsu da kakin zuma, ya kwantar a ɗakin ƙasa, ba za a taɓa su ba sai ranar auren wannan jariri. Wanda ya saci irin wannan, ko kotu ta sake shi gari ba zai sake shi ba.

Sun tarar da Don Cayetano a baranda, zaune a kujerarsa, bargo a kan gwiwoyin da suka daɗe da daina ɗaukarsa. Yanar ido ta rufe masa gani, amma bakinsa lafiya lau. 'Yarsa Nélida na tsaye a bayansa da tawul a kafaɗa. Can cikin rana, kusa da wata tsohuwar a-kori-kura, wani saurayi na zaune a kan akwatin ɗiban inabi, amaryar kuma, Araceli, na tsaye a gefensa ta harɗe hannu.

"Ga shi can," in ji tsohon, yana nuna inda ba kowa. "Ka tafi da shi. Tun farko na ce ɗan masu tsinkar inabi ba zai shigo mini gida ba. Ba aure, na fasa."

"Kaka, Wilber bai ɗauki komai ba," in ji Araceli.

"Ke rufe mini baki. Ubanki ne ya matse giyar nan da hannunsa shekarar da aka haife ki. Ita kaɗai ta rage mini daga marigayi ɗana Renzo. Shekara ashirin da 'yan kai ina jira, sai wani direban tarakta ya zo ya yashe ni?"

Sufeto ya juya ga Nélida. "Wa ya fara gani?"

"Ni ce. Da safe na ga kwaɗon a karye. Na sauka, na ga wayam. Sai na ga motarsa, ya kawo kujerun biki, zuciyata ta ce in duba. Ga kwalba biyu a ƙarƙashin buhu." Ta nuna su a kan tebur.

"Yaushe rabonki da ganin kwalaben a wurinsu?"

"Lahadin nan da rana. Da idona na gan su a kwance, sha biyu cif."

"Wa ke sauka ɗakin?"

"Ni kaɗai. Baba ya daɗe bai iya matakalar ba. Ni nake duba masa, in dawo in ce suna nan lafiya."

Ɗakin ƙasan irin na da ne, mai kaurin bango, ba taga. Sanyinsa ya ratsa Sufeto tun daga matakala ta biyu, ya tuna masa da bayansa. Irin wannan wuri giya ke so: duhu, sanyin da ba ya hawa ba ya sauka, da rashin motsi. Jar giya mai nauyi, wadda ta kwana a gangar katako, in ta samu haka takan kai shekara ashirin tana ƙara daɗi, har ta wuce.

Saje Gatica ta haska tocila a kan katakon da aka kwashe. Sufeto ya sa yatsa a gurbi ɗaya, ya ja. Yatsan ya fito baƙi wuluk. Ya gwada na biyu, haka. A na uku gizo-gizo ya yi saƙa daga wannan gefe zuwa wancan, har da busassun ƙudaje a ciki.

"Gatica, in kika ɗauke kwalbar da ta shekara ashirin a kwance, me za ki gani a ƙarƙashinta?"

"Wurin zai yi fes, yallaɓai."

"To ke kin ga fes?"

Ta ɗauki hoton wurin.

A can lungu akwai wasu kwalabe huɗu, su ma da kaki a baki. Sufeto ya ɗaga ɗaya a gaban tocila. Farar giya ce, ko kuwa a da fara ce, don yanzu ta koma kalar shayin da ya kwana. Ya girgiza kai. Farar giyarmu mai ƙamshin fure, ko yaro ya san shekara ɗaya zuwa biyu take yi. Mai ruwan hoda ba a barinta ta ga zafi na biyu. Mai zaƙin da ake taka inabinta da ƙafa kuwa, in sanyi ya wuce ba a shanye ta ba, sai dai a zuba wa latas. Wanda ya rufe farar giya da kaki ya kwantar, ko dai bai san abin da yake yi ba, ko kuma ya sani sarai.

Da suka fito, tsohon na nan yana ta faɗa. Sufeto ya ce a sa Wilber a mota. Araceli ta sha gabansa.

"Yallaɓai, in ka wuce da shi ta tsakiyar gari a motar nan, an gama da shi. Ko gobe ka sake shi, ba mai ba shi tarakta."

"Na sani, 'yata. Ta bayan gonaki za mu bi."

A caji ofis bai kai shi bayan kanta ba. Ya zaunar da shi a ofis, ya miƙa masa mate. Wilber Choque ya karɓa da hannu biyu, amma bai sha ba.

"Yaushe ka fara zuwa gidan?"

"Bayan an gama ɗiban inabin bana, yallaɓai. A gari muka haɗu da Araceli, a asibitin da take aiki. Tsohon bai yarda in taka ƙofarsa ba sai da zafi ya wuce."

"Ina kake ran Lahadi da yamma?"

"Ina gidanmu."

"Sawun tayarka na bakin lambatun bayan gidansu. Ran Lahadi aka sako ruwan ban gona, ƙasar ta jiƙe, sawun ya zauna. Sake tunani."

Wilber ya sunkuyar da kai. "Na zo. Kakanta ya ce kar in sake zuwa sai ran biki. Na ajiye motar a bayan gida, muka ɗan taka cikin gona ni da ita. Ban faɗa ba don kar ya huce a kanta."

"Ka kulle motar?"

Saurayin ya yi 'yar dariya mara daɗi. "Yallaɓai, ƙofar ma da waya nake ɗaure ta."

"Wa ya gan ka?"

"Gwaggonta. Tana kwashe shanya. Har na gaishe ta, ba ta amsa ba."

Sufeto ya jawo kwalaben biyu gabansa. Ya juya ɗaya a hankali a hasken taga. Ga layin laka nan a gefe guda, daga wuya har ƙasa, shaidar ta daɗe a kwance. Amma ga wata lakar kuma a gindin kwalbar, ta daskare kamar ƙanzo. Kakin bakin ya tsage. Matoshin ya turo kai waje, kuma wani busasshen zirin ja ya gangaro daga baki zuwa kafaɗar kwalbar. Giyar ciki ta ragu da kusan yatsa biyu.

Ya ce Gatica ta buɗe. Matoshin ya marmashe a hannunta kamar tsohon burodi. Ta tsiyaya kaɗan a kofin shayi, ya kai hanci. Ba sai ya saɓa wa likita ba. Warin dafaffen 'ya'yan itace ne, irin wanda aka manta a kan wuta.

"Ta mutu," ya ce. "Tsayar da ita aka yi, matoshin ya bushe, iska ta shiga. Sannan zafi ya dafa ta. Kuma ba zafin shekara ɗaya ba ne wannan."

"Ke nan ba Lahadi ta bar ɗakin ƙasa ba," in ji Gatica.

"Lokacin da ta bar shi, yaron nan bai ma san hanyar gidan ba."

Wilber ya ɗago kai. "To in tafi, yallaɓai?"

"Zauna ka sha mate ɗinka. In na sake ka ba tare da wani a madadinka ba, cewa za su yi ka saye ni."

Duk abin da ya faru a wani biki a unguwar nan, Doña Eulogia ta sani, don ita ke toya wa kowa empanada, irin fanken nan mai nama a ciki. Sufeto ya same ta tana yanka albasa tuli guda, ta bikin Asabar, wanda ba wanda ya gaya mata an fasa.

"An fasa? Ni da na sayi nama? Kai Olguín, ka tsufa ba ka iya kawo labari mai daɗi ba har yanzu."

"Doña, wa Don Cayetano ya kwantar wa farar giya?"

Ta ajiye wuƙar. "Au, ba ka zo auren Damián ba ko? Ɗan Nélida. Shekara uku ke nan, ko huɗu. Kai dai ka yi sa'a. An cika tebur, dangin amarya sun zo tun daga Córdoba, aka ce a kawo kwalaben da kakan ango ya ajiye. Nélida da kanta ta hau da su, tana ta washe baki. Aka buɗe ta farko, ruwan tsami. Ta biyu, ruwan tsami. Uban amarya ya kurɓa, ya rasa inda zai tofar, sai ya haɗiye don kunya, idonsa na hawaye."

"Ita ba ta san fara ce ba?"

"Ta sani mana. Amma uba ne ya ce mata wannan ta musamman ce, za ta kai. 'Ya ai takan yarda da ubanta ko da hankalinta ya ce mata a'a."

"Shi tsohon me ya ce?"

"Cewa ya yi, to a kawo ta kanti. Shi ke nan. Ya ci gaba da cin namansa. Ni na ga fuskar Nélida ranar. Ta gama raba abinci, ta wanke kwanuka, ta kai shi ya kwanta."

Sufeto ya daɗe zaune a mota bai tayar ba. Ya riga ya san inda zancen ya dosa, kuma bai so zuwa can ba. Da ɓarawo ne na gaske da ya fi masa sauƙi.

Gidan Nélida na bayan na ubanta, ɗaki biyu da kicin, rufin kwano. Tun da mijinta ya rasu ta dawo nan don ta kula da tsohon. Suka same ta tana dafa masa miyar rana. Ta ba su kujeru, Sufeto bai zauna ba. Ya ɗaga kai yana kallon silin.

A kusurwar da ke saman murhu akwai sabon farin fenti, faɗin faranti. Ta cikinsa wani tabo mai ruwan ƙasa-ƙasa ya sake ɓullowa.

"Yoyo ne," in ji ta, tun bai tambaya ba. "Ruwan sama."

"Doña Nélida, a garin nan? Yaushe rabonmu da ruwan da zai huda kwano?"

Ta ci gaba da juya miya.

"Kin ce Lahadi kin ga kwalaben a kwance. Gizo-gizon da ke gurbinsu ya ce ƙarya ne, don ya yi jikoki a wurin. Gatica, ɗauko tsani."

"Ba sai kin hau ba," in ji Nélida a hankali. "Ƙusar murfin ta saki, za ki faɗo."

Duk da haka Gatica ta hau. Ko a wannan sanyin na watan Mayu, wanda a wajenmu shi ne shigowar hunturu, iskar da ta fito daga cikin silin da ɗumi. Ta riƙa miƙo su ɗaya bayan ɗaya, kwalba goma, a tsaye ta same su tsakanin katakon rufi. Uku sun tofar da matoshinsu gaba ɗaya, sauran duk sun yi hawaye.

Aka jera su a kan teburin baranda a gaban Don Cayetano. Gatica ta ɗauko Wilber daga ofis, Araceli ta fito daga ɗaki da jan ido. Tsohon ya miƙa hannu, ya shafa bakin kwalba ɗaya, ya shafa ta biyu. Yatsunsa suka tsaya a kan tsagaggen kakin.

"Wa ya tsayar da su?" ya tambaya. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ni ce, Baba."

Nélida ta cire tawul ɗin kafaɗarta, ta ninke shi.

"Washegarin auren Damián na kwashe su. Ba don in lalata ba. Cewa na yi in matarsa ta haihu, zan buɗe su ran baftisma, ɗana shi ma ya ɗanɗana abin da ake ajiye wa 'ya'yan gida. Ba ni da inda zan ɓoye sai silin, can kuma ba wurin kwantarwa. Na ce zafi ɗaya ba zai yi komai ba. Haihuwa ba ta zo ba. Da na hau dubawa, sun riga sun fara zuba. Na san in na mayar, hannunka kaɗai zai gaya maka."

"Sai kika sa a motar yaron nan," in ji Sufeto.

"Biki ya matso. Dole a samu ɓarawo. Na zaɓi biyun da suka fi kyan gani, na karya kwaɗon da guduma." Ta dubi Wilber a karon farko. "Na san Baba zai yarda da duk abin da aka ce ka yi. Abin da ya sa na zaɓe ka ke nan. Ba ka yi mini komai ba."

"Gwaggo," in ji Araceli.

Nélida ta juya ga ubanta. "Tambaya ɗaya nake so in yi maka a gaban hukuma, tunda a gaban iyali ba ka amsawa. Ka san fara ba ta kaiwa. Kai ka koya mana tun muna yara. Me ya sa ka kwantar wa ɗana fara?"

Sufeto ya zaci tsohon ba zai amsa ba. Da ma bai amsa ba da ya fi.

"Damián ba Ferrarese ba ne," ya ce. "Sunan wani yake ɗauke da shi."

Nélida ta gyaɗa kai, kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani.

Sufeto ya ji wata gajiya ta sauko masa wadda ba ta baya ba ce. Ya ce, "Doña Nélida, tsakaninki da kwalaben ubanki, doka ba ta cika sa baki ba. Amma kin kira 'yan sanda da ƙarya, kin ɗora wa mutum sata. Wannan sai kin bi ni kin yi bayani." Gatica ta taɓa ankwar da ke ƙugunta, ya girgiza mata kai.

Sannan ya ɗaga murya yadda ma'aikatan gonar da suka taru a bakin shinge za su ji. "Wilber Choque ba shi da laifin komai. Wanda ya ce ya yi sata, ya zo ya same ni a ofis."

"Kaka, ka ji?" in ji Araceli. "Ba abin da za ka ce masa?"

Don Cayetano bai juyo ba. Ya rungume kwalba ɗaya a ƙirji, babban yatsansa na kai da komo a bakinta.

"To shi ke nan," in ji Araceli. "Asabar za a ɗaura, a gidan su Wilber. Da giyar bana za mu yi, ta cikin tulu. In kana so, a zo a ɗauke ka."

Ta kama hannun angonta. Nélida ta tsaya a bakin motar 'yan sanda, ta ce wa Araceli, "Miyar na kan wuta, ki rage gishiri in za ki ɗumama. Ƙwayarsa ta rana na cikin gwangwanin shayi, rabi yake sha." Ta shiga baya ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya. Araceli da Wilber suka nufi a-kori-kurar, shi yana kwance wayar ƙofa.

Sufeto ya tayar da mota. Daidai nan ƙararrawar cocin unguwa ta buga sha biyu, sai muryar tsohon ta taso daga baranda, yadda take tasowa kullum a wannan lokaci.

"Nélida. Ina maganina?"

Sufeto ya duba madubi. Ba ta waiwaya ba. Ya ja motar, suka bi ta bayan gonaki.